Ba Baƙo Ruwa Ka Sha Labari: Tarihin Wankin Ƙafa a Cocin Baftis da Abin da Ya Shafe Mu a Gobir



Duk wanda ya taso a ƙasar Gobir, tsakanin Sabon Birni da Isa, tun kafin babur ya cika gari, ya san yadda ƙafar matafiyi take idan ya iso da la'asar sakaliya. Rairayi ya shige tsakanin yatsu, ƙura ta hau har ƙwauri, ƙarangiya ta manne a bakin wando, faso ya buɗe a diddige. Kafin a tambaye shi daga ina, an riga an shimfiɗa tabarma a zaure, yaro ya fito da ruwan randa a ƙwarya, wani ya biyo shi da buta. Baƙo ya sha, ya kurkure baki, ya wanke ƙafafunsa, a damo fura, sannan a shiga gaisuwa da tambayar mutanen gida. Daga nan Bahaushe ya samo karin maganar da muka sa wa wannan maƙala.

Yau baƙo daga kan babur yake sauka, a miƙo masa ruwan leda, ya huda da haƙori ya sha a tsaye. Ba wanda ya yi shelar a daina fito da buta, kuma ba wanda zai iya faɗin ranar da aka daina. Wannan shi ne abin da ke ba marubucin tarihi wahala, domin al'ada ba kasafai take mutuwa da shaidu ba. Shi ya sa a wannan makon muka ɗauko wata al'ada ta wasu mutane da suka rubuta kusan kowane mataki na dusashewarta, wato wankin ƙafa a cocin Baftis, mu bi sawunta daga Falasɗinu zuwa Turai da Amurka har zuwa Arewacin Najeriya, sannan mu dawo gida mu duba namu. Tarihi za mu yi, ba wa'azi ba, kuma abin da muka ambata na aƙidar Kirista mun ambata shi ne yadda yake a wurinsu.

ASALIN ABIN

Ƙasar Falasɗinu ƙasa ce mai zafi da ƙura kamar tamu, mutanenta na da kuma takalmin fata mai igiya suke sawa. Don haka ba baƙo ruwan wanke ƙafa yana cikin karɓar baƙi. A Littafin Farawa, sura ta 18, an ba da labarin Annabi Ibrahim yana tarbar baƙinsa, ya sa a kawo musu ruwa su wanke ƙafa su huta a gindin itace kafin abinci ya iso. Yawanci baƙon ne ke wanke ƙafarsa da kansa. A gidan mai hali kuwa bawa ake sawa, kuma ana ɗaukar aikin a matsayin mafi ƙasƙanci a gida.

Sai mun riƙe wannan za mu gane nauyin labarin da ke Linjilar Yohanna, sura ta 13. A can an ce a daren jibin ƙarshe, Yesu, wato Annabi Isa, ya tashi daga wurin cin abinci, ya ajiye mayafinsa, ya yi ɗamara da tawul, ya zuba ruwa a daro ya shiga wanke ƙafafun almajiransa. Bitrus ya ƙi da farko, don a ganinsa bai kamata malami ya yi wa almajiri aikin bawa ba. Da ya gama sai ya umurce su da su riƙa yi wa junansu haka. Tun daga nan gardama ta tashi wadda ba ta ƙare ba har yau: shin ibada ce ya kafa da za a riƙa yi da ruwa da daro, ko kuwa misali ne ya buga na tawali'u, wanda kowane zamani zai cika shi da irin hidimar da ta dace da shi?

DAGA HIDIMA ZUWA BUKI

A ƙarni na 6, ƙa'idojin da Benedik ya rubuta wa masu zaman zuhudu a Italiya sun wajabta wa shugaban gidan da jama'arsa su wanke ƙafafun baƙin da suka sauka. A lokacin abin yana nan a matsayinsa na hidima, domin baƙin da ƙafa suke zuwa. A shekarar 694 kuma taron manyan limamai a Toledo ta ƙasar Sifen ya tilasta yin wankin sau ɗaya a shekara, ranar Alhamis ɗin da ke gaban Ista. Abin lura a nan shi ne sai da aka yi sakaci da al'adar sannan aka ga buƙatar yi mata doka.

Sarakunan Ingila su ma sun daɗe suna wanke ƙafafun talakawa a wannan rana, su bi su da kyautar tufafi da abinci da kuɗi. Sannu a hankali sarki ya daina durƙusawa da kansa, ya wakilta wani. A cikin ƙarni na 18 aka bar wankin gaba ɗaya. Kyautar kuɗin ce ta rage, kuma har yanzu Sarkin Ingila yana raba wa tsofaffi 'yan sulallan azurfa a wannan rana kowace shekara. A cocin Katolika wankin ya ci gaba a matsayin bukin shekara. Da yawanmu mun ji a rediyo a 2013 lokacin da Fafaroma Francis ya je wani gidan yarin ƙananan yara a Roma ya wanke ƙafafun fursunoni 12, cikinsu har da mata da Musulmi.

BAFTIS DA DARONSU

Cocin Baftis ta samo asali ne a Amsterdam ta ƙasar Holan a 1609, a hannun wasu Turawan Ingila masu gudun hijira ƙarƙashin John Smyth. Abokinsa Thomas Helwys ya koma Landan ya kafa ikilisiyarsu ta farko a ƙasar Ingila wajen 1612. Babban abin da ya bambanta su shi ne ba sa yi wa jariri baftisma, sai wanda ya girma ya furta bangaskiya da bakinsa. Kuma sun ce duk abin da suka gani a Sabon Alkawari shi za su bi. Mutanen da suka ɗauki wannan alkawari dole su ci karo da sura ta 13 ta Yohanna. Maƙwabtansu Mennonawa na Holan sun rubuta wankin ƙafa a cikin bayanin aƙidarsu na Dordrecht a 1632, wasu ikilisiyoyin Baftis na Ingila kuma suka yi ta aikata shi.

Inda abin ya fi bunƙasa shi ne ƙauyukan kudancin Amurka. A 1755 wani mai wa'azi mai suna Shubal Stearns ya sauka a Sandy Creek ta jihar North Carolina da mutum 16, shi ma yana cikinsu. Cikin 'yan shekaru suka haura 600, suka kuma yi rassa a jihohin da ke kewaye. Marubutan tarihinsu na farko, irin su Morgan Edwards, sun lissafa ibadu tara da waɗannan mutane ke riƙe da su: baftisma, jibin Ubangiji, cin abincin ƙauna tare, ɗora hannu, wankin ƙafa, shafa wa mara lafiya mai, miƙa hannun dama ga sabon ɗan'uwa, sumbar zumunci, da miƙa jarirai ga Ubangiji.

Yadda ake yi a wuraren da suka riƙe shi bai canza sosai ba. Bayan jibin Ubangiji, maza su koma gefe, mata su koma gefe. A kawo daruna da dogayen tawul. Mutum ya ɗaura tawul a ƙugu, ya durƙusa gaban ɗan'uwansa, ya wanke masa ƙafa ya share, sannan su yi musaya, ana ta rera waƙoƙi. Idan an gama a rungumi juna. A ƙauyen da kowa ya san kowa, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda kuka yi rigimar iyakar gona da shi, ko wanda ya ci bashinka bai biya ba, yana iya zama shi ne a kusa da kai a kan benci. Da wuya ka riƙe ƙafar mutum a hannunka kana gaba da shi.

YADDA TA DUSASHE

Ba a taɓa yin babban taro aka ce daga yau an soke wankin ƙafa ba. Abubuwa ne suka taru a kansa ɗaya bayan ɗaya.

Na farko haɗewa ce. Mutanen Sandy Creek sun haɗe da Baftis na birane, masu tsari da rubutacciyar aƙida, a Virginia a 1787, a Kentucky kuma a 1801. Idan ɓangare biyu za su zama ɗaya, abin da kowa ya yarda da shi ake sawa a gaba, abin da ake saɓani a kansa a bar wa kowace ikilisiya ta yi yadda ta ga dama. Wankin ƙafa ya faɗa cikin kashi na biyu.

Sai rubutu ya biyo baya. Bayanin aƙida na New Hampshire na 1833, wanda ya yaɗu ƙwarai, ya ambaci baftisma da jibin Ubangiji kawai. A 1858 malaminsu John L. Dagg ya fitar da littafi a kan tsarin ikilisiya, ya ware wa wankin ƙafa bayani na musamman. Hujjarsa ita ce abin da Yesu ya yi hidima ce ta biyan buƙata, domin ƙafafun suna da dauɗa a zahiri, saboda haka mai wanke ƙafar da aka riga aka wanke a gida ya riƙe siffar aikin ne ya saki manufarsa. Makarantar horar da fastoci da Baftis na Kudu suka buɗe a 1859 da waɗanda suka biyo bayanta sun yaye ɗalibai a kan farillai biyu. Da babbar ƙungiyarsu, wadda aka kafa a Augusta ta jihar Georgia a 1845, ta fitar da nata bayanin aƙida a 1925, biyun nan ta rubuta, haka kuma a gyaran 1963 da na 2000. Yaron da ya taso da wannan littafi a hannu bai ma san an taɓa lissafa tara ba.

Akwai kuma canjin rayuwa da kunya. An samu takalma rufaffu da safa, an samu jirgin ƙasa, daga baya mota. Ikilisiyar mutum 40 da ke taruwa a ɗakin katako ta zama ta mutum dubu a tsakiyar birni, da kujeru a jere da shimfiɗa a ƙasa. Ɗan kasuwa da lauya ba sa son tuɓe takalmi a gaban jama'a. Abin ya koma alamar ƙauyanci. Ku da ke rubuta ƙagaggun labarai, ku lura da yadda Harper Lee ta yi amfani da wannan a littafinta To Kill a Mockingbird na 1960. Wata mata a labarin tana son ta bayyana wa yarinya tsananin ra'ayin wani maƙwabcinsu, sai kawai ta ce yana cikin Baftis ɗin nan masu wanke ƙafa. Da al'ada ɗaya marubuciyar ta nuna mana matsayin mutumin a garin da yadda sauran jama'a ke kallonsa.

Waɗanda suka riƙe al'adar su ne waɗanda suka ƙi bin sabon tsari tun farko. A 1832 wasu suka taru a Black Rock ta jihar Maryland suka yi watsi da ƙungiyoyin mishan da makarantun Lahadi da na horar da fastoci, suka ce ba su gan su a Littafi ba. Su ake kira Primitive Baptist, wato masu riƙon asali, kuma da yawa daga ikilisiyoyinsu suna wankin ƙafa har gobe. Haka ma Free Will Baptist, da suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a Nashville a 1935, sun rubuta shi cikin farillansu. A wurin waɗannan, daro ya zama shaidar da suke gane junansu da ita.

DA TA ISO NAJERIYA

Ɗan mishan na farko da Baftis na Kudu suka aiko ƙasar nan shi ne Thomas Jefferson Bowen, wanda ya sauka a Badagiri a 1850, ya zauna a Ijaye, ya isa Ogbomosho a 1855. A 1914 aka kafa ƙungiyar Baftis ta ƙasar Yarbawa a Ibadan, Mojola Agbebi ya zama shugabanta na farko, a 1919 kuma aka faɗaɗa sunan ya game Najeriya duka. Arewa kuwa, Yarbawa 'yan kasuwa da ma'aikatan jirgin ƙasa ne suka shigo da cocin. Dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, inda ya tsaya, kuma ita ce tasha mafi kusa da mu mutanen Isa da Sabon Birni. Duk inda aka yi Sabon Gari sai ka tarar da 'yar majami'arsu. Taubasanmu ne dai Yarbawa, mun daɗe da sanin ba sa zuwa wuri hannu rabbana.

Amma waɗanda suka aiko Bowen su ne ɓangaren da al'adar ke ficewa daga hannunsu. Don haka Baftis ɗin Najeriya farillai biyu suka gada, kuma a kansu suke. Idan wani fasto ya wanke ƙafar jama'arsa a makon Ista, nuni ne na tawali'u, ba farilla ba.

Wanda ke son ganin wankin ƙafa a matsayin ibada a Arewa, sai ya nufi gabas. A 1708 mutum 8 ƙarƙashin Alexander Mack suka yi wa juna baftisma a kogin Eder, a ƙauyen Schwarzenau na Jamus. Zuriyarsu ta yi hijira zuwa Amurka, inda aka san su da sunan 'Yan'uwa Baftis na Jamus har zuwa 1908. Sun riƙe cin abincin ƙauna da wankin ƙafa gam. A al'adarsu ta da, kafin ranar bukin dattawan ikilisiya kan bi gida-gida suna tambaya ko akwai mai gaba da wani, a sasanta kafin a zauna. 'Yan mishan ɗinsu biyu, Stover Kulp da Albert Helser, sun yi sujadarsu ta farko a gindin wata tsamiya a Garkiɗa ranar 17 ga Maris, 1923. Cocin da ta fito daga nan suna na Hausa take amsawa, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Najeriya, kuma tana wankin ƙafa a bukinta na ƙauna. Ita ce cocin da mafi yawan 'yan matan Chibok 276 da aka sace a Afrilun 2014 suka fito daga cikinta, kuma a watan Oktoban shekarar Boko Haram ta mamaye hedikwatarta da ke Kwarhi kusa da Mubi.

A namu ɓangaren, Turawan mulki sun daɗe suna hana 'yan mishan shiga masarautun Musulmi. Mishan ɗin SIM ta tsallaken iyaka ta fara taɓa Gobirawa, inda ta buɗe tasha a Tsibiri a ƙarshen shekarun 1920, ta kuma gina asibitin Galmi a 1950. A wannan gefen sai a shekarun 1930 aka ba ta dama ta hanyar kula da kutare, a Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano. SIM ba ta ɗauki wankin ƙafa farilla ba. Sai dai duk wanda ya san jinyar kuturta ya san jiƙa ƙafa a ruwa da kankare ƙanta da shafa mai da ɗaure gyambo aikin kullum ne. A waɗannan wurare an wanke ƙafafu masu yawan gaske ba tare da an kira abin ibada ba.

MU DAWO GOBIR

Abin da ya sa muka yi wannan doguwar tafiya shi ne mu samu ma'aunin da za mu auna namu. Tarihin Gobir cike yake da al'adun da suka bi irin waɗannan hanyoyi.

Akwai wadda wa'azi da rubutu suka kayar. A fadojin Hausa na da, talaka kan yi afi, ya ɗebi ƙasa ya zuba a kansa idan zai gai da sarki. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa wannan cikin abubuwan da ya soka a rubuce-rubucensa. Bayan yaƙin Tabkin Kwatto a 1804 da faɗuwar Alƙalawa a 1808, masu mulki suka zama almajiran waɗannan littattafai. Doka kaɗai kuwa ba ta isa ba, domin kafin nan Sarkin Gobir Nafata ya yi shelar hana rawani da lulluɓi, amma rawanin ne ya ga bayan shelar.

Akwai wadda ta sauya riga. Innar Gobir mace ce daga gidan sarauta mai faɗa a ji a kan mata da harkar bori. Jean Boyd, wadda ta yi shekaru a Sakkwato tana nazarin rayuwar Nana Asma'u, ta nuna cewa a tsarin 'yan taru, malfar da ake naɗa wa jaji ta ɗauko kamannin kayan sarautar Inna, aka juya ma'anarta zuwa karantar da matan ƙauye. Sarautar Inna ba ta ɓace ba, amma yawancin abin da take yi a da ya fita daga hannunta.

Akwai wadda kunya da sabon zamani ke ci a gaban idonmu. Zanen Gobirawa, shida a kunci ɗaya bakwai a ɗaya, shi ne takardar shaidarmu a lokacin yaƙi da bauta. Da shi ake gane ɗan gida ko an kai shi wata ƙasa. Buƙatar ta wuce, makaranta da birni suka kawo tsokana, likitoci suka yi gargaɗi a kan aska ɗaya ga yara da yawa, Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 kuma ta haramta yi wa yaro zane a fata. Ku ƙirga a gidajenku: kakanni nawa ke da shi, jikoki nawa? Ba kiran a dawo da shi muke yi ba. Tambayarmu ita ce wa ya zauna da wanzamin ƙarshe a garinsu ya rubuta sunan kowane zane, da ranar da ake yi, da abin da ake ba shi lada?

Gobir ta saba da watsewa. Bayan Gawakuke a 1836 Mayaƙi ya kafa Tsibiri, daga baya rikicin gida ya sa Ɗan Halima ya fito ya kafa Sabon Birni. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 suka ja layi a tsakiyar dangi. Duk da haka al'adu sun tsallake, domin tsofaffi sun yi hijira tare da jikokinsu, an sake kafa gari, an sake gina zaure.

Na yanzu ya fi ba mu tsoro. A watan Mayun 2020 'yan bindiga sun kashe mutum fiye da 70 a ƙauyukan Sabon Birni a hari guda. A Agustan 2024 Sarkin Gobir na Gatawa, Alhaji Isa Muhammad Bawa, ya rasu a hannun waɗanda suka sace shi, Allah Ya jiƙansa da sauran waɗanda muka rasa. Ƙauyuka da dama sun zama kufai. A waɗanda suka rage, baƙon da ya sauka da magariba tambayoyi yake fara sha kafin ruwa, don ba a san ko ɗan leƙen asiri ba ne, kuma ba za mu ga laifin mai gida ba. Tun daga 2019 dubun-dubatar mutanenmu suka tsallaka jihar Maraɗi, wajen Gidan Rumji da kewaye, da yawansu a ƙafa, cikin dare, ta cikin ƙaya. Mutanen ƙauyukan can ne suka fara tarbarsu a gidajensu kafin wata hukuma ta iso. Ƙafar da muka buɗe wannan maƙala da ita ta dawo, wannan karon tamu ce, kuma buta da ƙwaryar da muke cewa sun wuce su aka fito da su.

AIKIN DA KE GABANMU

Mun iya ba ku labarin Sandy Creek ne domin wani ya hau doki ya zagaya ƙauyuka ya rubuta abin da ya gani, har da ibadu tara ɗin nan ɗaya bayan ɗaya. Mun san hujjar waɗanda suka bar wankin da ta waɗanda suka riƙe shi domin kowane ɓangare ya rubuta tasa. Mu kuwa yawancin abin da aka rubuta a kan al'adun Gobir ta tsallake, irin aikin Bafaranshen nan Guy Nicolas a kwarin Maraɗi, da Faransanci yake, kuma kaɗan ne cikinmu ke karanta shi.

Sakamakon yana bayyana a littattafanmu. Sau nawa muka karanta labarin da aka ce ya faru a ƙauye shekara 60 da suka wuce, amma bukin auren na Kano ne na bana? Marubuci ya ce "aka yi al'ada kamar yadda aka saba" ya wuce, domin shi kansa bai san abin da aka saba ɗin ba. Wa ke wanke amarya, da me, a ina ake zubar da ruwan? Wace tsohuwa ke ƙunsa mata lalle a ƙafa, kwana nawa take ciki, me ake ba tsohuwar? A irin waɗannan wurare ne labari ke samun ƙashi.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya nemi dattijo ɗaya ko dattijuwa, a gida ko cikin 'yan gudun hijirar da ke unguwarsu, ya zaɓi al'ada ɗaya tak da aka daina ko ake dainawa. A tambayi yadda ake yin ta daki-daki, da sunan kowane kaya da ake amfani da shi, da wanda ke yi da wanda ake yi wa. A tambayi wace buƙata take biya. A tambayi yaushe ya gan ta ta ƙarshe, a mulkin wane sarki ko a wace shekarar yunwa, idan bai riƙe lissafin shekara ba. A tambayi wa ya fara bari, me ya ce hujjarsa, me kuma ya maye gurbinta. A rubuta da kalmomin mai maganar, Gobirancinsa da Sakkwatancinsa, kada a gyara masa harshe zuwa na Kano. Kada a sa sunansa ko na ƙauyensu sai da izninsa, saboda halin da ake ciki. Kuma 'yan'uwanmu Kirista da ke cikin wannan zaure, musamman na Ekklesiyar 'Yan'uwa da na Baftis, muna roƙon ku kawo mana yadda abin yake a majami'unku, ku gyara mana inda muka yi kuskure.

Kalma 500 ta isa. A turo kafin daren Alhamis, za mu zaɓi uku mu tattauna a kansu mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Idan za ku je wurin tsohon, ku riƙa masa goro, kuma idan shi ne ya zo wurinku, ku fara ba shi ruwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mayar da kowa gidansa. Wassalam.